Gambar Bayan Ɗakin Inna

In ka sauka tashar Magaria kana neman gidan Innata, kada ka wahalar da kanka da kwatance. Ka ce wa ɗan kabu-kabu ya kai ka gidan ciyawa, zai aje ka har ƙofa. Ba don yabo aka sa mana sunan ba, zagi ne. Na karɓa, kuma ba ni da niyyar mayarwa.

Ni a Damagaram nake zaune, ina aiki a wani farmasi. Bayan rasuwar Baba zaman haya ya ishi Inna, ni ma ya ishe ni a madadinta. Na yi ta matse bakin aljihu har na samu parsel, wato fili, a sabon lotisma, filayen gini da aka yanka a gefen gari, wajen da ƙasa ke gangarawa zuwa fadama. Da can gonakin hatsi ne wurin. Kawu, yayan Inna uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya riga mu saye can sama, ya yi gininsa, shi ne ma ya ce mu matso kusa don ya riƙa sa mata ido. Filina shi ne na ƙarshe a layin, can ƙasa, inda duk ruwan da ya sauka a kwanon kowa zai biyo ya wuce.

Ranar da za a nuna mini filin, wani ma'aikacin lameri ne ya zo, ofishin magajin gari ke nan, siriri haka a kan babur. Ya nuna mini borni, duwatsun simintin da ake kafawa a kusurwa, sannan ya zayyano sharuɗɗan gini a wurin. Ba a haƙar yashi ko ƙasar bulo cikin lotisma, akwai ramin da aka ware a bayan gari. Ba a toshe hanyar ruwa a tura wa maƙwabci. Mu kuma na bakin gangare, duk ciyawa mai saiwa da muka tarar a ƙarshen fili mu bar ta, in da hali ma mu ƙara. Da sauri ya faɗa, irin faɗar wanda ya saba a ce masa to a wuce. Ni kuwa na ji. Na taɓa zuwa jaje gidan wata abokiyar aikina da bangonsu ya kwanta da damina, kuma ba tura shi ruwa ya yi ba, ƙasan ƙafarsa ya yi ta yashewa a hankali har ya rasa abin tsayawa. Ni da na san yadda na sami kowane bulo, ban manta wannan bangon ba.

A ƙarshen filina akwai jerin gamba, doguwar ciyawar nan da ake saƙa zana da ita. Tsohuwar iyakar gona ce, mai gonar ya shuka don kowa ya san inda nasa ya tsaya. Sauran waɗanda suka sayi filaye, abin da suka fara yi shi ne tumɓuke tasu, a share wuri tas, ya yi fari kamar faranti. A wajensu fili mai ciyawa fili ne marar mai shi. Ni sai na ce wa magini ya janyo bangon baya ciki, ya bar gambar a waje, amma cikin bornina. Ya cire hula ya sosa kai, ya ce mutane na zuwa gaban alƙali a kan taku ɗaya na ƙasa, ni kuwa zan kyautar wa macizai wurin ɗaki sukutum. Na ce ya bar su, su ma 'yan haya ne.

Inna ce ta fi kowa jin haushi. Ita 'yar wani ƙauye ce kusa da Dungas, ta yi noma har ta gaji da shi. Ranar da ta tare, ta zagaya baya, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Na baro ƙauye da ƙyar, kin kwaso mini shi kin aje bayan ɗaki."

Ga kuma maganar shara. Matan layinmu ba tsakar gida kaɗai suke sharewa ba. Da sassafe kowacce za ta fito ta share ƙofa, ta share gefe, ta share baya, sai ka ga zanen tsintsiya a ƙasa kamar an yi wa wurin kitso. Da wannan ake gane mace. Na roƙi Inna, na ce ciki ta share har ta huda ƙasa in ta ga dama, amma bayan bango ko ganye kada ta ɗauke. Ta yi mini, amma ta sha magana. A wajen suna wata ta tambaye ta ko tsintsiya ta yi tsada ne a kawo mata gudummawa. Inna ba ta kawo mini ƙara kai tsaye. Sai dai in na kira ta da yamma ta ce, an dai ce kaza, an dai ce kaza, ta bar ni da shi.

Daminar farko ba abin da ya faru na a zo a gani. Ruwa ya riƙa gangarowa ta layi, ja wur, ɗauke da yashin ƙofofin da ake sharewa kullum. In ya iso gamba sai ya rage gudu, ya tsiyaye ta tsakanin saiwoyi, ya bar yashin nan. Kafin kaka, bayan bangonmu ya tara yashi mai laushi, ƙafa na nutsewa har ƙauri. Can sama kuwa gindin gine-gine ya fara fitowa. Kawu sai da ya sa aka ƙara masa matakala a ƙofa, don dokin ƙofar ya yi wa jikokinsa tsawo.

Da bazara ta sake kewayowa, Kawu ya kira gayya. Abu ne da aka saba tun a tsohuwar unguwa: maza su taru su cika buhuna da yashi, a jera a ƙofar kowa don tare ruwa, mata su dama fura. Ni a gurup ɗin dangi na WhatsApp na ji, ina tsaye bayan kanta. Muryar Kawu ce, cikin nishaɗi. Wai ranar Asabar da hantsi kowa ya fito da shebur, yashi kuma ba sai an je nesa ba, ga shi nan Allah ya tara mana bayan gidan ƙanwata, a sare ciyawar nan kowa ya huta, tafiya ɗaya aiki biyu.

Na kira shi nan take. Bai ma yi fushi ba, dariya ya yi, ya ce 'yar birni ki ji da ƙwayoyinki, ki bar wa maza aikin ƙasa. Na kira Inna. Ta ce yayanta ne, me za ta ce masa? Ban yi mamaki ba. Ni ce 'yar farinta. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, daga ke sai waccan. Ko a gida ba ta yaba mini a gaban mutane, balle ta fito ta tsaya mini a gaban yayanta da mazan unguwa. Na san in za a tsaya, ni kaɗai ce.

Na roƙi abokiyar aikina ta riƙe mini Asabar, na bi motar safe. Ko da ɗan kabu-kabu ya sauke ni, sun riga sun taru a baya, buhuna a zube, shebur a hannu, wani saurayi ya riga ya kai wa gindi ɗaya na can ƙarshe adda. Ban shiga gida ba. Na wuce wurin Kawu na durƙusa har ƙasa, na gaishe shi gaisuwa cikakkiya, gajiya, iyali, zafi, kasuwa, ban bar ko ɗaya ba, don kada gobe a ce rashin kunya na fara da ita. Ya amsa duka. Sai na miƙe, na taka zuwa tsakiyar gamba, na zauna a kan yashin, na ɗora jakata a cinya.

Sai wani ya tuntsire da dariya.

"Tashi, 'yar nan, za ki ɓata zanenki," in ji Kawu.

"Dama na wanki ne, Kawu."

"To bari ki ji. Yashin nan da kike zaune a kai, daga ina ya zo? Ba daga ƙofofinmu ba? Namu ne. Abinmu muka zo ɗauka."

"Gaskiyarku, Kawu. Amma ban aika a ɗauko shi ba, da ƙafarsa ya zo. Wanda ya zo gidanka da ƙafarsa kuwa baƙonka ne, ba ka miƙa shi."

Samarin suka yi dariya, wannan karon ba ni suke wa ba, kuma shi ne ya ɓata wa Kawu rai. Ya daina wasa. Ya ce ramin lameri na da nisa, ba kowa ke da sharet, wato amalanke, da jaki ba, hadari kuma ya fara haɗuwa a gabas. Ya nuna wani dattijo da ke tsaye da buhu a hannu, ya ce bara har ƙarƙashin gadonsa ruwa ya shiga. Ya ce tun kakanninmu ba a taɓa jin wanda ya tare gayya ba, sai yau, kuma 'yar ƙanwarsa. Duk gaskiya ya faɗa, ban musa ko ɗaya ba. Sannan ya sauke murya, ya faɗi wadda ta fi shiga jikina.

"Ke kina Damagaram. Ranar da uwarki ta kwanta ciwo, ciyawar ce za ta kai ta likita?"

Na ɗago na dube shi. Na ce, "Ku ne za ku kai ta, Kawu, na sani, Allah ya saka da alheri. Amma gadonta a jikin bangon nan yake. In aka yashe gindinsa ya faɗi, ba a kaina zai faɗi ba, ba a kanku ba."

Bai dai ce a watse ba. Sai na ciro waya na kira ma'aikacin lamerin nan, lambarsa na nan tun ranar borni. Ranar hutu ce, amma ya zo, da jallabiyar zaman gida. Ya gaida Kawu da ladabi, don ko ba komai sa'an babansa ne. Ya maimaita sharuɗɗan nan, wannan karon a hankali. Ya ja layi da takalminsa a ƙasa ya ce in aka yi rami a nan, ruwa zai faɗa ciki, daga nan sai ya fara cin baya baya, yana hawa, har ya iske abin da ke samansa. Kawu ya ce lameri ba a layin nan take kwana ba. Mutumin ya ce haka ne, Baba, amma shi dai ba zai iya cewa a haƙa ba. Ya koma gefe ya tsaya jikin babur ɗinsa. Iyakar abin da ke hannunsa ke nan, kuma ya yi.

Samarin dai ba su aje shebur ba, Kawu suke kallo. Sai wani mai wayo cikinsu ya ce ai ba za ta zauna a kan duka ba, mu fara daga can ƙarshe. Gaskiya ya faɗa, ni ɗaya ce, jerin gamba kuwa ya kai tsawon bangon. Suka ja buhuna suka nufi can. Ina zaune ina lissafin ko in tashi in bi su, su kuma su dawo inda na bari, mu yi ta yi kamar kaza da shaho har in zama abin kallo.

Sai ga Inna ta ɓullo ta kusurwar gida, tabarma a hammata, ƙwaryar gyaɗa a hannu. Ko inda nake ba ta kalla ba. Ta ratsa ta gaban mazan nan, ta je daidai inda za su sa shebur, ta shimfiɗa tabarma, ta zauna ta miƙe ƙafa, ta fara ɓarar gyaɗa.

"Ke kuma fa?" in ji Kawu.

"Zafi ne ya koro ni daga ciki, Yaya. Nan ya fi iska."

Wallahi ko ganye ba ya motsi a wurin, ba inuwa ko ta tafin hannu, rana ta take tsaka. Kowa ya ga haka. Ɗaya bayan ɗaya samarin suka jingine shebur, don babu ɗan da zai haƙa ƙasa a ƙarƙashin sa'ar uwarsa. Kawu ya daɗe yana kallon ƙanwarsa, ita kuwa tana ta ɓas, ɓas, tana watsa ɓawo cikin gambar da ta ce ta tsana. Daga ƙarshe ya kaɗa rigarsa ya ce a kwashe buhuna. Bai yi mana sallama ba.

Da muka shiga gida na ɗauka za ta ce wani abu. Faɗa ta yi mini, wai na zo gari ban shigo na gaishe ta ba sai na zarce wurin maza. Sannan ta aje kwanon tuwo a tsakar ɗaki, ta ce wa bango, waccan tun safe ba ta ci komai ba.

Gayyar ba ta mutu ba, rabuwa ta yi. Kawu, in ba shi haƙƙinsa, tunda aka faɗa masa doka a gaban jama'a bai ƙetare ta ba. Sharet ɗinsa ya bayar aka yi ta jigilar yashi daga ramin bayan gari, har dattijon nan ya samu buhunansa. Amma wasu suka ga wahala ce, suka lallaɓa filin da ke gefen namu, wanda mai shi ke zaune Najeriya bai taɓa leƙowa ba, suka kwashe abin da za su kwasa. Da Inna ta gaya mini na sanar da mutumin lameri, ya sa aka cike ramin. Sai dai ƙasar da aka mayar ba ta kama wadda ba a taɓa ba.

Babban ruwan ya zo tsakiyar damina, da la'asar. Ina farmasi Inna ta kira, ta miƙa wayar waje in ji. Kamar ana zazzage tsakuwa a kwano. Na ce ta fita daga ɗakin ta koma zaure. Ta ce ba inda za ta, ɗakinta ne. Na sallami mai sayen magani da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da waya a kunne har ruwan ya tsagaita.

Washegari na je. Filin gefenmu ya tsage, kwazazzabo ya buɗe daidai inda aka yi ramin, zurfinsa ya kai ƙugun namiji, bornin mutumin Najeriya na kwance a ƙasansa. Daga nan ya karkato wajenmu. Ya cinye gindin gambar da aka sara, ya ci na kusa da shi, ya tone kusurwar bangonmu har ana ganin tushen gini kamar faɗin hannu. A nan ya tsaya. Sauran gambar ta kwanta luf, laka har wuya, amma saiwa na riƙe. Na shiga ɗakin Inna na bi bango da tafin hannu daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ba tsaga. Na zauna bakin gadon.

Kafin in koma na sa aka kawo duwatsu aka cusa a kusurwar, na tsaga saiwar gamba daga manyan gindin na dasa inda aka yi asara, na ƙara wani jeri ta gefen kwazazzabon. Inna na tsaye tana gyara mini, wai ba haka ake dasawa ba, na cika nutsa ta, sai ka ce ba jikar manoma ba.

Kawu har gobe cewa yake buhunansa ne suka karya ƙarfin ruwan tun daga sama, ba don su ba da ciyawa da bango duk sun tafi fadama. Wataƙila da gaskiyarsa a ciki, ban taɓa yi masa gardama a kai ba. Amma bai yafe mini zaman nan ba. In na gaishe shi, lafiya ɗaya yake ba ni ya juya. Cinyar ragon layya da ya saba aiko mini Damagaram ta daina zuwa. An ma cire ni daga gurup ɗin dangi, sai da aka tuna ni ke aiko masa maganin hawan jini aka mayar da ni. Abin na damuna, ba zan ɓoye ba, shi ya riƙe mu lokacin rasuwar Baba. Da zazzaɓi ya kwantar da Inna da kaka kuwa, shi ya ɗauke ta ya kai likita, ya zauna har aka sallame ta. Na kira in yi godiya, ya ce ba don ni ya yi ba. Na ce na sani, na gode duk da haka.

Matan layi ba su daina shara ba, ba su daina kiran mu gidan ciyawa ba. Inna ma tana sharar ƙofarta kullum, sai dai in ta kai kusurwar baya ta tsaya cak, ta juyo. Da rani ta sa aka yanke karan gambar daga sama, aka bar gindi, aka saƙa mata zana ta kewaye wurin wanke-wankenta. Wadda ta yi mata maganar tsintsiya ta aiko a sam mata kara, Inna ta ce bana ya ƙare.

Yanzu yashi ya sake taruwa a bayan bangon, ya fi na wancan karon. Zafi ya fara, kuma jiya na ji an soma maganar buhuna a gurup, wani har yana cewa jakin Kawu ya tsufa, ramin lameri kuma bai matso ba. Ban sa baki ba. Na dai ce wa abokiyar aikina ta zauna da shiri, wata Asabar zan iya neman ta riƙe mini. Da na kira Inna da yamma ban ɗauko maganar ba, ita ma ba ta ɗauko ba. Har za mu yi sallama sai ta ce, af, akwai sauran gyaɗa rabin buhu a ɗaki, ba ta ɓare ba tukuna.